Babi na Bakwai: Idan Ruwa Ya Ɓaci, Wa Za a Fara Gaya Wa?

Daga Damagaram zuwa Gure tafiyar kimanin kilomita 160 ce a kan babbar hanyar da ta miƙe gabas zuwa Diffa. Daga Yamai kuwa sai an haura kilomita 1,000. Duk mai aikin ruwa a Gure, tsohon birnin Muniyo, ya san abin da nisan yake nufi. In injin da ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse ya ƙone a tsakiyar bazara, ba injiniyan Yamai ne zai fara isowa ba. Masu tsayawa a kan matsalar su ne ƴan tsirarun da ke wurin: mai kula da injuna, mai gyaran bututu, mai karɓar kuɗi, da shugaban cibiya wanda ma'aikata ke ce wa shef. Kafin azahar jarkoki sun yi layi a bakin famfo, ƴan garuwa sun ƙara kuɗi, wayar shef kuma ba ta huta ba.

A irin wannan ƙaramar tawaga ne matashin da ya gama karatu yake neman gurbi. Wataƙila daga makarantar EMIG ta Yamai ya fito, ko Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ko cibiyar 2iE ta Wagadugu. Ya kwana yana bitar lissafin kulorin da ƙarfin injin, ya shirya takardunsa cikin leda, ya zauna gaban kwamitin ɗaukar ma'aikata. Tambayoyin fasaha ya amsa su tiryan-tiryan. Can sai wani daga cikin kwamitin ya ajiye biro ya ce masa ya ba su labarin wata rana da ya saɓa da abokin aikinsa, ko ranar da ya ga kuskure a aikin wanda ya girme shi. A nan da yawa suke sakin jiki, don suna ɗauka tambayar cike lokaci ce. Sai su jero abin da suka haddace: suna son aiki da jama'a, suna da haƙuri, suna girmama na gaba. Duk gaskiya ne, amma ba su amsa komai ba, alhali wannan tambaya ta fi waɗanda suka gabace ta nauyi.

Masu ɗaukar aikin ma sun yawaita, kuma kowannensu yana da wanda yake dogara da shi. Har zuwa farkon wannan ƙarni kamfanin gwamnati guda, SNE, shi ke riƙe da ruwan biranen Nijar. Garambawul ɗin 2000 zuwa 2001 ya raba aikin gida biyu: SPEN ta riƙe kadarori da zuba jari, SEEN kuma, wadda kamfanin Faransa Vivendi, da ya koma Veolia daga baya, yake da kashi 51 cikin 100 nata, ta riƙe tacewa da rarrabawa da karɓar kuɗi. Daga farkon 2024 kamfanin gwamnati NDE ya gaji SEEN. A karkara kuwa, a Bune, Gidigir, Kelle, Gamu da Alakos, dokar ruwa ta 2010 ta ɗora nauyin a wuyan ƙananan hukumomi, su kuma sukan miƙa gudanar da ƙananan shato-shato, wato tankunan rarraba ruwa, ga ƴan kasuwa bisa yarjejeniya, tare da ƙungiyoyin masu amfani da ruwa da ake kira AUSPE. Ga kuma ƙungiyoyin agaji da ayyukan raya ƙasa. Ma'ana, ma'aikacin ruwa guda yana iya samun kansa tsakanin mai kadara, mai gudanarwa, magajin gari da jama'ar unguwa, kowa da abin da yake jira ya ji daga bakinsa.

Tarihin wannan sana'a ya nuna inda haɗarin yake kwance. Ranar 6 ga Yulin 1988 wani direban tanka ya kai tan 20 na ruwan alif matatar Lowermoor da ke ba garin Camelford ruwa a kudu maso yammacin Ingila. Alif dai shi ne wanda matan ƙasar Hausa suka sani, wanda ake jefawa cikin ruwan tabki don laka ta kwanta, kuma matatun duniya suna amfani da shi bisa awo. Direban ba shi ne ya saba zuwa ba, canjin wani ya yi. Bai tarar da kowa a matatar ba. An ba shi mabuɗi da kwatance na baka wanda bai fayyace ba, sai ya buɗe murfin da ya ɗauka shi ne, ya juye kayan cikin tankin ruwan da aka riga aka tace, mai shirin tafiya gidajen mutane kusan 20,000. Wannan kuskure na farko kenan, kuma tushensa kwatance ne maras kyau. Na biyu ya fi muni. Hukumar ruwan yankin ta gano dalilin cikin ƴan kwanaki, amma sai da aka yi kwana 16 kafin a gaya wa jama'a gaskiyar abin da suka sha. A tsakanin nan ana ce musu ruwan ba shi da illa, har da shawarar a gauraya shi da lemo don a ɓoye ɗanɗanon. Gwamnatin Birtaniya ba ta nemi gafara ba sai a 2013.

Shekara 12 bayan Camelford aka ga wanda ya fi shi a Walkerton, wani ƙaramin gari a lardin Ontario na Kanada, mai mutane ƙasa da 5,000. A watan Mayun 2000 ruwan sama mai yawa ya wanke kashin shanu daga wata gona zuwa cikin ɗaya daga rijiyoyin garin. Da kulorin yana shiga yadda ya kamata, kuma ana auna shi kullum, da an gane da wuri. Amma binciken da alƙali Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa ma'aikatan sun shekara da shekaru suna rubuta alƙaluma a rajista ba tare da sun auna ba. Ranar 17 ga Mayu ɗakin gwaji ya aiko da sakamakon da ke nuna ƙwayar cuta a ruwan. Ranar 19 jami'an lafiya, da suka ga yara na ta zuwa da gudawa mai jini, suka kira manajan ruwan suka tambaye shi, ya ba su amsar da ta kwantar musu da hankali, bai ambaci sakamakon ba. Sai ranar 21 aka yi shelar a riƙa tafasa ruwa. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta. Rahoton ya ƙiyasta cewa da an faɗi gaskiya ranar 19, da mutum 300 zuwa 400 ba su kamu ba. Kwana biyu na shirun mutum ɗaya ne ya jawo wannan adadi.

Ba sai an je Kanada ba ma. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an fara ba gari ruwa daga wata rijiyar burtsatse mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Abin da ido ba ya gani shi ne sinadarin fuloraid da ke cikinsa ya ninka sau da dama iyakar miligiram 1.5 a kowace lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Kulorin ba ya cire fuloraid, tafasawa ma ba ta cire shi. Yaran da suka tashi da wannan ruwa haƙoransu suka dafe, ƙafafun ɗaruruwa daga cikinsu suka lanƙwashe, wasu suka nakasa har abada. A 2002 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa da ƙasa FIDH, tare da ANDDH ta Nijar, ta fitar da rahoto a kan yaran Tibiri.

Abin da ya kamata mai neman aikin ruwa ya tsaya ya duba a labarin Tibiri shi ne tsawon lokacin. Iyaye mata sun ga ƙafafun ƴaƴansu. Ma'aikatan gidan likita sun ga yaran. Malaman makaranta sun ga haƙoransu kullum safiya. Masu ruwa kuma suna can suna tura ruwa cikin bututu. Kusan shekara 15 suka shuɗe kafin abin da ake gani a jikin yara da abin da ke cikin ruwa su haɗu a teburi guda a ɗauki mataki. Awon fuloraid ba abu ne mai wuya ba ga ɗakin gwaji. Abin da ya yi wuya shi ne maganar ta tashi daga wani ofishi ta isa wani, kuma a saurare ta.

To, wannan ne kwamiti mai hankali yake laluba idan ya yi waccan tambaya ta saɓani da abokin aiki ko kuskuren na gaba. Ba ya neman mai zaƙin baki. Yana so ya san ko wannan matashi zai iya ɗaukar mummunan labari ya kai shi ga wanda ya dace, a kan lokaci, ba ragi ba ƙari.

A ƙasarmu akwai abin da ke ƙara wa wannan aiki nauyi, kuma bai kamata a kauce masa ba. Tarbiyyar da aka yi wa yaro a Gure, Bahaushe ne ko Manga ko Bafulatani, ita ce kada ya gyara wa babba magana a gaban mutane, kada kuma ya faɗi mummunan labari kai tsaye. Wanda ya dawo daga duba maras lafiya, ko da jikin ya yi tsanani, cewa zai yi da sauƙi. Wannan ɗabi'a tana da kyau a inda aka yi ta dominsa, tana riƙe zukata, tana kare mutunci. A ɗakin injin kuwa tana iya kashe mutane. Idan shef ya kira da dare ya ce yaya aiki, ma'aikaci ya ce lafiya lau alhali injin zuba kulorin ya tsaya tun la'asar, ladabin nasa ya zama cuta ga gari. Kwamitin yana so ya ga mutumin da zai iya riƙe ladabinsa, ya gaida babba yadda ya kamata, ya ja shi gefe ba a gaban jama'a ba, sannan ya ce masa, ranka ya daɗe, na auna sau biyu, babu kulorin a ruwan nan.

Awon kansa ba ya cin lokaci. Ana ɗiban ruwa a ƴar kwalba, a jefa ƙwayar DPD, ruwan ya rine ya yi ja-ja gwargwadon kulorin da ya rage, a gwada launin da ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan ruwa ya yi minti 30 da kulorin, kuma kada ya gaza 0.2 a famfon da mutane ke ɗiba. Wanda ya yi wannan awo sau ɗari ya samu adadi ɗaya, rana ta ɗari da ɗaya zuciyarsa za ta ce masa ya kwafi na jiya ya huta. Irin haka aka yi a Walkerton. Shi ya sa rajistar ɗakin injin take da daraja: ita ce maganar ma'aikacin rana ga na dare, maganar wanda ya tafi hutu ga wanda ya canje shi. A cikinta ake ganin sa'ar da wuta ta ɗauke aka tada janareta, yawan man da ya rage, bawul ɗin da aka rufe saboda gyara da unguwar da rufewar ta shafa. Bawul ɗin da aka rufe ba a rubuta ba yana iya hana unguwa ruwa kwana uku ana ta neman laifi a wani wuri.

Saboda haka amsar da ke gamsar da kwamiti labari ce na gaske mai kai da gindi. A ce yarinya ce ta yi sitaj a wata cibiya, ta auna ruwa da safe, launi bai fito ba. Za ta faɗi cewa ta sake aunawa da sabuwar ƙwaya don kada ta ta da hankali a banza, ta duba ta ga bututun maganin ya toshe, ta sanar da wanda ke koya mata aiki nan take, suka kira shef, ta rubuta adadin da ta gani da sa'ar da ta gan shi, ba ta goge ba bayan an gyara. Za ta faɗi abin da babban ya ce, ko da bai ji daɗi ba, da yadda suka rabu. Wanda bai taɓa aiki a matata ba ma yana da abin faɗi in ya duba rayuwarsa da kyau: aikin gayya a gona, rabon aiki a ƙungiyar ɗalibai, rigakafin da ya bi gida-gida. Abin da ba ya da amfani shi ne ƙirƙira, don tambaya biyu a kan wa ya ce me, da ƙarfe nawa, sun isa su tona ta.

Akwai kuma wata kunya da ke cutar da masu neman aiki na kirki. Saboda gudun yabon kai, sai su ba da labarin duka da mun yi, mun gyara, mun sanar, har su tashi kwamiti bai gane abin da su da kansu suka yi ba. Faɗin aikin da mutum ya yi da hannunsa, tare da ambaton na abokansa, ba alfahari ba ne a wannan zama.

Rabin maganar ma'aikacin ruwa kuwa ba a ofis take ba, a waje take, kuma a nan Gure ta bambanta da Yamai. Ganawar neman aiki galibi da Faransanci ake yin ta. Kundin da gwamnati ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci cikin harsunan aiki. Amma a bakin famfon Gure da kasuwannin kewaye ana jin Barbarcin Manga, Hausa, Fulatanci, Tubanci, Buzanci da Larabci. Mai digiri da ya iya bayanin kulorin da Faransanci mai kyau, amma ya kasa gamsar da dattijuwa cewa warin jabel, wato kulorin, da take ji a ruwa alamar kariya ce, ya yi rabin aiki. Domin dattijuwar in ba ta gamsu ba za ta koma rijiyar kwari, inda ruwa ke kusa da ƙasa, dabbobi na sha, wani wuri ma da ɗanɗanon kanwa, kuma jikokinta ne za su sha. Ya dace kwamiti ya juya harshe a tsakiyar ganawa ya ce wa mai neman aiki: ga uwa ta zo da wannan ƙorafi, yi mata bayani da Hausa ko da Barbarci. Minti biyu sun isa a gane wanda zai yi mata magana da girmamawa da wanda zai yi mata lacca.

Haka nan ya kamata a tambaye shi ta wace hanya zai sanar da gari in za a yanke ruwa gobe, ko in an ce a tafasa. Wanda ya san ƙasar zai ambaci mai unguwa da bulama, limamai bayan sallar asuba, mai shela, rediyon gari, masu tsaron famfo waɗanda da yawansu mata ne, da ƴan garuwa da ke shiga kowane gida. Saƙon WhatsApp yana da amfani, amma ba ya isa ga makiyayin da ya taso da raƙumansa daga wajen Tasker, wanda ya yi lissafin zangonsa a kan cewa zai sami ruwa a wuri kaza. Wanda ya san ƙasar zai kuma ambaci likita. A 2017 cutar shawara nau'in E, wadda ke bin gurɓataccen ruwa, ta ɓarke a jihar Diffa maƙwabciya, ta fi yin kisa a cikin mata masu ciki. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, ta kashe fiye da 150, kuma Maraɗi da Damagaram suna cikin jihohin da suka fi shan wuya. A irin waɗannan lokuta ma'aikacin jinya ne ke fara ganin alama, ma'aikacin ruwa ne ke riƙe da maganin rigakafi, kuma bai kamata ranar annoba ce za su fara sanin sunan juna ba.

Nauyin ba a kan mai neman aiki kaɗai yake ba. Kwamitoci da yawa suna ruɗuwa da mai kwarjini da santsin harshe, su bar mai ƙarancin magana wanda rubutunsa a rajista ba ya ƙarya. Wasu kuma tun kafin a zauna an riga an san wanda za a ɗauka, ta hanyar da ƴan Nijar ke yi wa laƙabi da PAC, wato dangi, abokai da sanayya. Ɓarnar wannan a aikin ruwa ta wuce rashin adalci ga sauran. Wanda aka ɗauka don alfarmar wani, da wuya ya iya buɗe baki ya faɗi kuskuren wanda ya yi masa alfarmar. Sannan ma'aikatar da ke yaba wa faɗin gaskiya ranar ganawa, amma ta ci mutuncin wanda ya kawo mummunan labari ranar aiki, ita ce ke koya wa ma'aikatanta shiru. Yaron da aka yi wa tsawa a gaban abokansa don ya ce kulorin ya ƙare, gobe zai rubuta 0.5 ya rufe littafi.

A ƙarshen ganawa akan ba mai neman aiki dama ya yi tasa tambayar, kuma yawanci albashi da wurin kwana ake tambaya, wanda ba laifi ba ne. Amma ya ƙara da wannan: idan na auna da tsakar dare na ga ruwa ya ɓaci, wa zan kira, in bai ɗauka ba wa zan kira bayansa, kuma ina da ikon tsayar da injin kafin a ba ni izini? Amsar da kwamitin zai bayar za ta nuna masa irin gidan da zai shiga. Masu ɗaukar ma'aikata a Gure da sauran garuruwan jihar su tanadi wannan amsa tun kafin a tambaye su, kuma su sa a rubuta lambar wayar shef, da ta likitan gunduma, da ta magajin gari a bangon ɗakin injin kafin sabon ma'aikaci ya karɓi mabuɗi.